Zipora Mai Kunu da Kofin da Ba a Kurɓa Ba

Duk wanda ya taɓa sayen kunu a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya san Zipora, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ba ta miƙa maka kofi sai ta tsiyaya kaɗan a ludayi ta kurɓa a gabanka, tana kallonka ido cikin ido har ta haɗiye. Baƙi sukan ɗauka rowa ce, wai rage musu kunu take yi. 'Yan gari kuwa sun san haka ake yi a ƙauyukan da ke kewaye: mai ba da abin sha shi ke fara sha, don mai karɓa ya sha da kwanciyar rai. Mutane da yawa sun watsar da al'adar tun da ruwan leda da lemon kwalba suka shigo. Zipora ba ta watsar ba. Mijinta Gershon yakan ce idan aka tara kunun da matarsa ta kurɓa a bakin sana'a, ya isa a cika tankin kan jirgi har a rage na wanka.

Abin ya samo asali ne tun a Fadan Kagoma, inda aka haife ta. Tana yarinya aka yi gayyar noman citta a gonar wani maƙwabcinsu, ƙanen babanta ya karɓi ƙwaryar burkutu daga hannun da har yau ba wanda ya tuna na wa ne, ya shanye ba a kurɓa masa ba. Washegari aka haƙa masa kabari. Tsofaffin mata suka ce a ƙarƙashin farce ake ɓoye abin, mai mugunta ya tsoma babban yatsa a bakin ƙwarya kamar bai sani ba, shi ke nan an gama da mutum. Ba a taɓa kama kowa ba. Sai dai ƙauyen ya yi shekaru kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa, a cikin wannan kallon kuma Zipora ta girma. Fuskar mutum ba ta dame ta ba, ya yi ta murmushi har kunne. Ita dai babban yatsa take dubawa.

Sai Allah ya haɗa ta da mijin da ba ya duba komai. Gershon akawun kaya ne a reluwe, dogo, mai dariya da ƙarfi, wanda zai karɓi dafaffen rogo daga hannun mahaukaci ya ci ya ce an gode. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kai ƙararsa wurin fasto, duk a banza. Ya kawo ta kwatas ɗin reluwe, ta kafa rumfar kunu a ƙarƙashin mangwaron bakin tasha, suka haifi 'yarsu Larai, duk gari ya koma kiranta Maman Larai.

A cikin kayan da fasinjoji suka manta a tarago Gershon ya tsinci littafin. Tsohon littafin Turanci ne na labarin kisan kai, bangon ya yage, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su a shayi, don haka ba wanda ya damu da sunansa, littafin Gershon ake ce masa. Zipora a aji uku ta tsaya da makaranta, saboda haka shi ke karanta mata tsakanin jirgi da jirgi, yana juyawa da Hausa yana haɗawa da yarensu in Hausar ta ƙare masa. Labarin wani tsohon attajiri ne mai otal a wani ƙaramin gari na Turawa. Ranar bikin haihuwarsa amininsa, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya miƙa masa kofin shayi, ya sha, ya faɗi matacce a gaban baƙi. Kowa ya ce aminin ne. Sai wani ɗan sandan ciki mai ɗingishi ya bi diddigi, ya gano ashe ba a shayin aka sa guba ba, a bakin lofen da tsohon ke shan taba da shi aka shafa, kuma ɗan ƙanensa ne ya shafa saboda gado.

Ya karanta mata shi ya fi a ƙirga, har ta haddace. Kuma duk lokacin da aka zo ƙarshen labarin sai ta buga ƙirji ta ce ita tun farko ta san matuƙin nan ba shi da laifi, ta riga ɗan sandan ganewa. Ai ya kurɓi shayin kafin ya miƙa. Gershon sai ya yi dariya ya ce lallai gwamnati ta yi asarar ɗan sanda.

Da jirage suka yi ƙaranci, tsofaffin ma'aikata suka rasa abin yi, sai gindin mangwaron ya zama wurin zamansu duk Asabar da la'asar. Akwai Nelson, tsohon direban jirgi, wanda ba ya karatu amma ba a fi shi gardama ba. Akwai Caroline, tsohuwar malamar Turanci, mai kawo littattafai a jakar leda tana rabawa kamar magani. Sai Malam Abdu, dillalin citta, ɗan tsohon gida a cikin kasuwa, wanda kakansa ma a garin aka haife shi. Tun yana saurayi yake kai buhuna tasha Gershon yana rubutawa, daga nan suka ƙulla abota har ta kai ba a ganin ɗaya ba a tambayi ɗaya ba. Sun karanta littattafai iri-iri, amma duk inda hira ta zaga sai ta dawo kan attajiri mai otal.

Malam Abdu bai gaji kurɓa ba, a gidansu ba a yi. A wurin Zipora ya koya, kuma ya riƙe al'adar gam. Ko ruwan randa zai ba Gershon sai ya kai baki tukuna. Bayan rikicin da aka ƙone kasuwa, lokacin da gari ya rabu biyu kowa ya ja nasa, makonni kaɗan aka yi sai ga shi a gindin mangwaro da 'yar hularsa, ya zauna a bencinsa. Zipora ta kurɓa, ta miƙa, ya sha. Ba wanda ya ce komai a kai. Don haka kada wani mai neman magana ya ce addini ne ya kawo abin da ya biyo baya. Ko kusa.

Wata Litinin ce da rana tsaka Gershon ya dawo daga cikin gari yana gumi, ya zube a benci, ya ce mata yana dariya:

"Maman Larai, yau na karya dokarki. Na sha zoɓon Abdu, kofi guda cur, ba a kurɓa min ba."

Ta buɗe baki za ta fara faɗa, sai masu saye suka zo. Kafin ta sallame su ta juyo, ya kife daga kan bencin. Aka sa shi a keke napep aka nufi asibiti, bai kai ba. Likita ya ce hawan jini ne ya buga masa zuciya, ya ce dama ya daɗe yana wasa da maganinsa. Zipora ta gyaɗa kai. Amma a kunnenta magana ɗaya ce ta maƙale, ta ƙarshe da mijinta ya yi a duniya, kuma sunan Abdu na cikinta.

Ba ta faɗa wa kowa ba, ko Larai. Malam Abdu ya zo jana'iza ya tsaya a bayan majami'a har aka gama sujada, ya bi gawa har Fadan Kagoma, ya yi kuka kamar yaro. Ta kalli kukan ta tuna cewa ɗan ƙanen nan na cikin littafi ma ya fi kowa kuka. Ya ci gaba da zuwa duk Asabar, yakan riƙo mata dabino ko ƙuli-ƙuli daga wurin matarsa Mero. Sai ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, in ya tafi ta zuba wa akuyarta, ta ja kujera ta zauna tana kallon akuyar. Akuya dai sai ƙiba take yi, har ta haifi tagwaye.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta rasa dalili. Ta juya ta juya: ba gona a tsakaninsu, ba mace, ba wata tsohuwar gaba. Mutumin da ya shekara arba'in yana kurɓa, me ya hana shi rannan kaɗai? Kuma me ya sa rannan kaɗai ta zama ranar? Wani lokaci takan ji kunyar kanta, ta roƙi gafara a taron zumuntar mata ba tare da ta faɗi laifin ba. Asabar na yi, da ta ga babban yatsansa a jikin kofi, sai zargin ya dawo sabo fil. Tana son mutumin nan, ta san shi ne ya rage mata a cikin waɗanda suka san dariyar Gershon tun yana saurayi, kuma tana tsoronsa. Haka ta yi shekara biyu da abin a ciki, yana cinta.

Ana nan sai Caroline ta zo da labari tana rawar jiki. Ta gano sunan littafin, ashe sananne ne a ƙasar Turawa, har an yi fim ɗinsa sau biyu: wani tsoho mai fari da baƙi, da wani sabo mai kala da aka yi kwanan nan. Duk ta samo su. Aka shirya za a kalla a falon Nelson, tun da shi ke da babban talabijin da janareto, Zipora kuma za ta kawo kunu a kula.

Asabar ta farko aka sa tsohon. Caroline na fassarawa, Nelson na katse ta yana cewa jirgin da aka nuna a farko ba irin na lokacin ba ne, an yi musu ha'inci. Zipora ba ta jin ko ɗaya, hannuwa take kallo. Aka zo wurin biki. Matuƙin jirgin ruwa ya zuba shayi, ya ɗauka, ya miƙa, attajiri ya karɓa. Ta miƙe tsaye ta ce a mayar baya. Aka mayar. Bai kurɓa ba. Ta ce masu fim ɗin nan ɓarayi ne, sun sace babbar shaidar labarin, to ta yaya mai kallo zai san bawan Allah ba shi da laifi? Nelson ya ce dama haka suke, sai sun yanke abu don kada fim ya yi tsawo. Caroline ta ɗan yamutsa fuska kamar mai son tuna wani abu. Fim ya ƙare kamar littafi, aka kama ɗan ƙane, Zipora ta tafi gida tana mita. Malam Abdu kuwa duk yammacin idonsa na kan kofinsa, kuma ta lura da hakan.

Asabar ta biyu aka sa sabon. Kai, wannan kam sun yi yadda suka ga dama. Ɗan sanda ya daina ɗingishi ya zama saurayi mai gudu a kan rufin gidaje, an ƙaro wata budurwa da ba ta cikin littafi, lofe ma ba a gan shi ba sam. Wurin biki matuƙin ya miƙa shayi, nan ma bai kurɓa ba. Da aka zo ƙarshe sai saurayin ɗan sanda ya tara kowa a falo, ya zaga ya zaga, ya nuna matuƙin da yatsa. Aminin ne ya yi kisan, wai ya daɗe yana riƙe da ƙullin da ba wanda ya sani.

Falon ya kaure. Nelson ya ce wannan cin amana ne, marubucin yana kabari an canja masa mai laifi. Caroline ta ce masu sabon fim sun san kowa ya san ƙarshen, shi ya sa suka juya don a yi mamaki, amma ita ba ta yafe musu lofen ba. Zipora kuwa tana zaune a wurinta. Ta ji kamar wani ne daga wata ƙasa mai nisa ya leƙa cikin ranta ya faɗi abin da ta kasa faɗa. Ta ce, da muryar da ita kanta ba ta gane ba:

"Waɗannan su suka yi daidai. In bai kurɓa ba, shi ne. Aboki ko ba aboki ba, wanda ya ba ka abu bai kurɓa ba ya san abin da ya sa a ciki."

Ba talabijin take kallo ba da ta faɗa, Malam Abdu take kallo. Kowa ya ga inda take kallo, sai dai Nelson da Caroline ba su san dalili ba.

Caroline ce ta jawo littafin daga jakar leda, don tun rasuwar Gershon a wurinta yake. Ta ce ai tun wancan makon abin ke damunta, ta je ta duba. Ta buɗe wurin bikin, ta sa tabarau, ta karanta da Turanci, ta juya da Hausa a hankali. Matuƙin ya zuba, ya miƙa, attajiri ya sha. Babu kurɓa. Ta ce ta bi littafin daga farko har ƙarshe, ba inda wani ya kurɓa wa wani komai, Turawa ba su san wannan ba. A littafin ma bai kurɓa ba, kuma ba shi da laifi.

Zipora ta karɓi littafin ta ƙura wa shafin ido, kamar baƙaƙen za su ji tsoronta su faɗi gaskiya. Da farko ta zargi Caroline da tsallake layi. Sai ta tuna yadda Gershon yake yi in ya zo daidai wurin: yakan ɗan dakata, ya ɗago ido ya dube ta, sannan ya ce, sai matuƙin ya kurɓa. Ashe ba daga takarda yake karantowa ba. Ya san matar da ya aura. Ya san in bai sa kurɓar nan ba, ba za ta taɓa barin bawan Allah ya fita da mutuncinsa ba, ko ɗan sanda ya rantse da me. Haushinsa ya kama ta, kewarsa ta kama ta, duk a lokaci guda, har ta rasa wanda ya fi zafi.

To da a ce Zipora mai saurin saki ce, da a nan maganar ta mutu. Ina! Sai ta ce a ranta wancan Bature ne, bai san al'ada ba, an yafe masa. Abdu fa? Abdu ya sani.

Ta tashi ta buɗe kula. Ta zuba wa Nelson, ta kurɓa, ta miƙa. Ta zuba wa Caroline, ta kurɓa, ta miƙa. Ta zuba kofi na uku ta cika shi taf, ta ajiye ludayin a gefe inda kowa zai gani, ta miƙa wa Malam Abdu haka nan. Tun da ta fara sana'a ba ta taɓa yi wa ɗan Adam haka ba. Lissafinta irin na ɗan sanda mai ɗingishi ne: wanda ya san ya taɓa yi wa wani, ba zai yarda a yi masa ba. Zai ce cikinsa ya cika, ko ya ajiye a ƙasa ya manta da gangan.

Nelson ya buɗe baki zai tuna mata, Caroline ta taka masa ƙafa. Malam Abdu ya dubi ludayin, ya dubi kofin, ya dube ta. Ya yi bisimilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindin kofi. Ya goge gemunsa da bayan hannu.

"Maman Larai, shekara biyu ina jira ki tambaye ni," in ji shi. "Kin gwammace ki tambayi akuya."

Kunya ta rufe ta har wuya. Ashe ya sani.

Sai ya ba da labarin, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce rannan Litinin ce, yana azumin nafila, irin wanda yakan yi Litinin da Alhamis ba tare da ya yi shela ba. Gershon ya shigo zauren gidansa a galabaice, yana cewa ƙishi zai kashe shi, kansa na sara. Mero ta riga ta haɗa zoɓon buɗa baki ta fita unguwa. Ya zuba, ya ɗaga kofin har ya kusa kai baki, sai ya tuna. Ya ce wa Gershon bari ya karya, ai na nafila ne, zai rama. Gershon ya riƙe masa hannu ya fizge kofin, ya ce kada ya kuskura ya ɓata ibadarsa a kan kurɓa ɗaya, shi ba Zipora ba ne. Ya shanye yana dariya, ya ce zai je ya tsokane ta da labarin. Da magariba da sauran zoɓon nan shi da Mero suka buɗe baki, kafin labarin rasuwar ya iso musu.

Caroline ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun tuni. Ya ce ya za a yi mutum ya je gidan makoki ya ce ba ni na kashe shi ba, alhali ba wanda ya ce shi ne? Ai ko a littafin nan mai saurin wanke kansa shi ake fara kamawa. Ya ce ya ga yadda take kallon hannunsa tun ranar jana'iza, kuma duk Asabar ɗin da ya zo, ya zo ne don kada ta ce ya gudu.

Ya ɗauki hularsa ya miƙe, ya ce lokacin salla ya yi. A bakin ƙofa ya juyo.

"Na sha naki ba kurɓa, kin gani da idonki. Yanzu zan huta. Gindin mangwaron nan ya daɗe da daina yi min daɗi."

Asabar ta zagayo bai zo ba. Ta bayanta ma haka. Nelson ya yi gardama shi kaɗai har ya gaji, Caroline ta kawo sabon littafi ba wanda ya buɗe. Zipora kuwa, kada ku ɗauka zargin ya fita daga ranta kamar an zare ƙaya. Takan kwanta ta ce ai abin da mai wayo zai faɗa ke nan, wa ya ga azumin, wa ya ga an fizge kofi? Sai kuma ta ji maganar nan, shi ba Zipora ba ne, ta san ba mai iya ƙirƙiro ta sai wanda ya ji ta daga bakin Gershon, don har muryarsa take ji a ciki. Bencin Malam Abdu yana nan a gindin mangwaro kusa da na mijinta, duka biyun ba kowa, kuma ta san na Malam Abdu ita ta kori mai shi.

Ta zaɓi ranar da gangan. Wata Litinin da rana tsaka ta rufe rumfa, ta ɗaura zanen zuwa sujada, ta hau keke napep zuwa cikin gari, unguwar da rabonta da ita tun kafin rikici. Ta tarar da shi a zaure yana tsintar busasshiyar citta a tabarma. Suka gaisa gaisuwar baƙi, doguwa, ba ɗumi. Ta tambayi Mero, ya ce ta je barka. Ta tambaye shi ko yana azumi, ya ce yana yi. Sai ta ce ƙishi take ji.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tashi ya shiga ciki, ya fito da jug ɗin zoɓo da kofin silba, ya zuba a gabanta. Ya ɗaga zai kai baki, ta ce a'a, kada ya karya azuminsa. Ta miƙa hannu.

Ta kalli babban yatsansa. Wallahi ta kalla, ba ta iya hana kanta ba, shi ma ya ga ta kalla. Farcen a yanke yake, da 'yar ƙurar citta a gefe.  Ta tuna ƙanen babanta, ta tuna gonar gayya. Tun tana yarinya ba abin da ya taɓa wucewa ta maƙogwaronta ba a kurɓa mata ba. Ta runtse ido ta sha, ta sha, har ƙasa.

Ta ajiye kofin ta ce Mero ba ta sa citta yadda ya kamata, a gidan dillalin citta kuma, abin kunya. Ya ce zai faɗa mata.

Ba ta tashi ba. Ta zauna a bakin tabarma ta dafe cikinta da hannu ɗaya, tana sauraron jikinta, gumi na keto mata. Ya san abin da take jira, ta san ya sani. Bai kore ta ba, ya tura mata tulin citta gabanta, suka yi ta tsinta tare har inuwa ta juya aka kira la'asar. Sannan ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta tsaya a bakin zaure ba ta juyo ba.

"Malam, Asabar akwai kunu."

"Allah ya kai mu," in ji shi, bai ce zai zo ba.

Ranar Asabar ta share ƙarƙashin bencinsa, ta wanke kofinsa ta kife a kan kula, ta zauna tana kallon hanyar da ke fitowa daga cikin gari.